Kajin da Kati Bai Saya Ba

Yayana Hobart ya fi shekara talatin yana gyaran injina a masana'antar yanka katako da ke bakin garinmu a gabashin jihar Kentucky ta Amurka, har ranar da masu ita suka garƙame ƙofa suka kwashe injinan. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa suna can Ohio, sai na ce ya saki gidan haya ya dawo ɗakin baya na gidana. Bai so ba, amma ya dawo. Daga baya ni na tisa ƙeyarsa zuwa ofishin tallafi, aka ba shi katin sayen abinci na gwamnati irin wanda rabin unguwarmu ke riƙe da shi.

Na ɗauka kunya ce za ta dame shi. Ashe ba ita ba ce. Tun muna yara Hobart ba ya iya barin abu yadda ya same shi. Rediyon Babanmu ma sai da ya kwance shi don ya ga inda masu maganar suke zaune. Haka ya ɗauki katin nan, kamar sabon inji da aka ajiye masa ba wanda ya nuna masa yadda yake aiki.

Zuwanmu na farko kanti, ya ɗauko gasasshiyar kaza tana tururi ya ɗora cikin kaya. Shawna, mai karɓar kuɗi, wadda muke zuwa coci ɗaya da mahaifiyarta, ta ture kazar gefe ta rage murya ta ce katin ba ya biyan abinci mai zafi, amma in ya duba firijin baya akwai irinta ta jiya, wannan kati zai ɗauka. Ni duk na tsargu saboda layin da ke bayanmu. Shi kuwa sai ya gyara tsayuwa.

"To 'yata, in na tsaya nan har ta huce fa?"

"Sai dai ka tsaya a can gefe, Mista Hobart, ka ga mutane na jira."

Ya tambaye ta daidai wane zafi ne kaza ke daina zama mai zafi, ta ce ita dai ba a ba ta ma'auni ba, abin da na'ura ta karɓa shi take karɓa. Muka tafi da ta jiyan. A gida ya ɗumama ta, ya ci yana kallonta kamar ita ce za ta ba shi amsa.

Daga nan ya samu aikin yi. Kusan kullum sai ya taka zuwa kantin, ba don ya sayi wani abu ba, sai don ya tambaya. Ya dawo ya gaya mini cewa katin yana sayen ƙanƙara, wadda ba komai ba ce illa ruwa, amma ba ya sayen ƙwayar ƙarin jini. Wata rana ya shigo yana murna da dashen tumatir a 'yan tukwanen roba, wai kati ya biya, alhali furen da ke kusa da su a kan tebur guda an ce a'a. Ya ce ya fara gane bakin zaren: duk abin da ƙarshensa ciki ne, an yarda, in dai ba a riga an dafa maka shi ba. Na ce masa ya je ya nemi aiki ya bar yarinyar mutane ta huta. Ya ce yana nema, amma wannan ma ai sani ne.

Da sanyi ya wuce aka buɗe kasuwar manoma ta ranar Asabar a filin da ke bayan kotu. A can akwai tebur da ake goga katin a ba ka 'yan kwabban katako, su kake miƙa wa masu kaya. A rumfar ƙarshe akwai wata Verna Caudill, doguwar mace mai furfura da takalmin roba, mijinta ya rasu ya bar mata gona a kan tudu. Tana sayar da ƙwai, a gefenta kuma ga keji da 'yan matan kaji jajaye guda biyu da suka kusa fara saka.

Hobart ya durƙusa gaban kejin ya daɗe. Can ya miƙe ya zube mata kwabban katakonsa ya ce ta ba shi ɗaya. Mis Verna ta ce ba ta da ikon karɓar waɗannan a kan dabba mai rai, sai kuɗin hannu. Ya ce to in ta yanka ta ta fige fa? Ta ce wannan nama ne, za ta karɓa, amma ba za ta yanka mai shirin ƙwai ba ko gwamna ne ya aiko.

Sai ya mayar da ido kan tiren ƙwan da ke gabanta.

"Mis Verna, akwai zakara a gonarki?"

"Biyu ma, ba sa barin kowa barci."

"Tare suke kiwo da masu waɗannan?"

"To a ina za su yi kiwo, a coci?"

Ya tambaya ko ta wanke ƙwan ko ta sa su a firiji. Ta ce na wannan kwandon da safen nan ta kwaso, ko gogewa ba ta yi ba. Sai ta dube shi ta saman tabarau, na ga gefen bakinta ya motsa. Ta zaɓar masa dozin da hannunta, tana ɗaga kowanne tana juyawa, ta ce ita dai ƙwan ci ta sayar, abin da mutum ya yi da karin kumallonsa ba ruwanta.

Ranar ko abincin rana bai ci ba. Ya ɗauko tsohuwar kular da muke zuba lemo in za mu je bakin tafki, ya huda mata ƙofofin iska, ya saka ƙwan lantarki a ciki don ya ɗumama ƙwan su ƙyanƙyashe, da ɗan kwanon ruwa, da ma'aunin zafin da nake gashi da shi. Ya yi wa kowane ƙwai alama da fensir don ya san gefen da ya juya. Ya ajiye kular a kan injin wankina, ya kuma hana ni kunna injin wai girgiza za ta kashe masa baƙi. Sati uku ina kai wanki gidan maƙwabta.

Bayan kamar mako guda ya kira ni cikin ɗakin ajiye kaya da rana tsaka, ya rufe ƙofa, ya ɗora ƙwai a bakin tocila. Da farko ban ga komai ba sai ja. Sannan na ga 'yan jijiyoyi sun bazu kamar saiwa, a tsakiyarsu wani ɗigo baƙi yana motsi shi kaɗai. Shekarata hamsin da 'yan kai ina fasa ƙwai a kasko, ban taɓa ganin wannan ba. Na ce ya ba ni na gaba in riƙe da kaina.

Amma hankalina bai kwanta ba. Na taɓa jin an yanke wa wata mata kati saboda ta saba sayar da abin da ta saya da shi. Na ce, Yaya, in aka ce ka yi wa gwamnati wayo fa? Ya ce shi ma abin yana ransa, kuma hanya ɗaya ce ta sani. Kafin in hana shi ya sa hularsa ya nufi ofishin tallafi, ni ma dole na bi shi.

Jami'in da ke riƙe da sunansa, wani Mista Tackett mai yawan shan kofi, ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Ya tambaya ko ƙwan na ci ne lokacin da aka saya, Hobart ya ce har ya soya biyu da suka tsage a hanya. Ya tambaya ko yana da niyyar sayar da su, ya ce a'a. Mista Tackett ya sosa ƙeya ya ce tun da ya fara aikin nan ba a taɓa kawo masa irin wannan ba, shi dai bai ga inda aka taka doka ba, ƙwai abinci ne kuma abinci aka saya. Sai dai ya ja masa kunne cewa katin ba zai sayi abincin kaji ba, kada ma ya je ya wahalar da masu kanti. Muna ƙofa ya sake kiranmu.

"Wai da gaske a cikin kula za su fito?"

Hobart ya ce yana sa rai. Mutumin ya ce in sun fito a kawo masa hoto.

Ran wata Lahadi muna shirin coci muka ji tsiyau-tsiyau daga ɗakin wanki. Ba mu je cocin ba. Muka ja kujeru muka zauna muna leƙe ta ɗan gilashin da ya manna a murfin kular, ɗaya yana huda ɓawo ya huta, ya sake hudawa, har ya faɗo jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga miya. Zuwa washegari huɗu suka fito. Sauran baragurbi ne, ban da ɗaya da ya huda ya kasa ƙarasawa. Hobart ya fasa shi a bayan gida ya daɗe yana dubawa, ya dawo ya ce yana jin ruwan kwanon ne ya yi kaɗan. 

Abincinsu kuwa daga ɗan abin da yake samu a gyaran injin yankan ciyawar mutane yake saya. Suka girma a cikin kwali, suka koma keji da ya haɗa da ragowar katako kusa da tumatirinsa. Da rani ya yi nisa sai gaskiya ta fito: uku sun fara fitar da tukku suna gwada cara da muryar da ba ta nuna ba. Mace ɗaya ce tak. Maƙwabtan da na riƙa kai wa wanki suka fara gaishe ni a daƙile.

Ɗaya daga cikin zakarun ni na yanka, don Hobart ya ce shi ba zai iya ba, ya san shi tun yana ɗigo. Na yi farfesunsa da 'yan curin fulawa yadda Innarmu ke yi. Ya zauna a tebur ya ci wakensa da burodin masara, bai ko kalli tukunyar ba.

Sauran biyun ya sa a kwali ranar Asabar ya mayar wa Mis Verna. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ba wanda ke neman ƙarin zakara a duniyar nan, amma tunda jikokinta ne za ta karɓa. Sai ta ce in yana son ya biya kuɗin riƙo, famfon rijiyarta ya yi wata yana tari, ya zo ya duba.

Ya je ran Litinin da akwatin kayan aikinsa. Yanzu kaka ta shigo, kazar ta fara saka mana ƙwai ƙanana masu ruwan ƙasa, Hobart kuwa kusan kowane mako sai ya ari motata ya hau tudu, kuma na lura ya fara aske gemu kafin ya fita. Na haɗu da Mis Verna a gidan mai, na tambaye ta famfo, ta ce ai tun zuwan farko yake ba da ruwa lafiya lau. Da na dawo gida na tambayi Hobart me ya rage a jikin famfon. Ya ce akwai wata 'yar ƙara da yake ji, bai gano daga inda take fitowa ba tukuna.