Gwangwanin Ƙwallayen Dabino

Ɗanasabe ya girgiza gwangwanin kusa da kunnensa, bai ji motsin komai ba. Ya buɗe murfin ya leƙa. Wayam, an ma wanke shi tas.

"Mamuda! Wa ya taɓa mini wanga abu?"

Ƙanensa Mamuda, wanda ya ari motarsa jiya ya kai gero Zurmi, ya fito daga zaure yana washe baki. "Ni na sa aka wanke maka motar, Yaya, ciki da waje. Har ƙwallayen dabinon nan da ka tara kamar ɓera, duk na zubar."

Ɗanasabe ya dafa ƙofar mota.

To, motar nan dai tsohuwa ce, ta girmi Hamida, autar 'ya'yansa, wadda yanzu har ta yi aure. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya daɗe da tsayawa, ba mai tuna shekarar. Sai Ɗanasabe ya ƙirƙiro tasa dabarar. Duk ranar da ya kai fasinja Shinkafi ya dawo Kaura, sai ya ci dabino ɗaya ya jefa ƙwallon a gwangwani. In sun cika ashirin, ko ana ruwan sama, sai ya kai ta wurin Muttaka bakanike a yi juyen baƙin mai. Da wannan yake cika baki a tasha: motarsa ba ta kwana a hanya, domin ƙirgarsa ba ta kuskure.

Kuma yau, a duk ranakun Allah, yau ce za a ɗauko Hamida daga Katuru ta zo goyon ciki, ga wata ya kama. Hanyar nan kuwa a shekarun nan ba wanda ke son mota ta mutu masa a kai. Ana bin ayarin motocin safe ne, a juyo kafin la'asar. Muttaka ba ya buɗe garejinsa sai hantsi; in aka jira juye, ayari ya wuce.

Ya ɗaga bonet. Ya duba ruwan lagireto, ya danna fambel da babban yatsa, ya zagaya yana bugun tayoyi da ƙafa. Sannan ya zaro sandar duba mai, ya murza man tsakanin yatsu, ya shinshina. Bai yi baƙi ƙirin ba, bai kuma yi haske ba. Goma ne suka taru? Ko ashirin ɗin har ta gota? Tun azumi bai zazzage gwangwanin ya ƙirga ba.

"Ai mai ne, Yaya, ba nono ba. Zai yi tsami ne?" in ji Mamuda.

"Rufe mini baki."

Nan Rahina matarsa ta fito da mayafinta, riƙe da kwanon fura. Ta dubi gwangwanin, ta dubi mijinta.

"Sha takwas ne, Malam."

"Mi ne ne sha takwas?"

"Ƙwallayen. Sha huɗu naka, huɗu nawa."

Ɗanasabe ya saki sandar a hankali. "Naki?"

"Kai Shinkafi kaɗai kake ƙirgawa. In ka shiga Sakajiki cikin yashin nan, ko ka ba wannan ya loda mata buhuna, ita motar ba tafiya ta yi ba? Sai in jefa ɗaya in kana masallaci. Na jiya ne ban samu sakawa ba, da shi sha tara. Na yau ya cika ashirin. Za ta kai mu ta maido mu, in Allah ya yarda."

"Tun yaushe kike wannan?"

"Tun ranar da injinta ya buga bayan Zurmi, muka wuni ƙarƙashin aduwa, Hamida na goye. Ni ban manta zafin ranar ba." Ta gyara mayafi. "Mu tafi, kada ɗiyata ta yi ta leƙen ƙofa."

Mamuda ya tuntsire da dariya. "Ashe agogon motar yana cikin gida yana daka fura!"

Ɗanasabe ya rufe bonet, ya yi bisimilla, ya tayar. Ya ba ta mintinanta biyar ta ɗumama kamar kullum, bai rage mata ko ɗaya ba, sannan suka bi ayari. Bai matsa mata ba. In ya ga rami sai ya lallaɓa ta, ido ɗaya na kan allurar zafi. Kafin a kira la'asar sun shigo Kaura, Hamida a baya ta miƙe kumburarrun ƙafafunta bisa cinyar uwarta tana gyangyaɗi.

Yana sauke su ya wuce gareji. Muttaka ya kwanta ƙarƙashi ya kwance noti, man ya tsiyaye cikin tasa. Ya taɓa, ya jinjina kai.

"Daidai lokacinsa, ba ƙari ba ragi. Kai dai, Ɗanasabe, ban taɓa ganin mai ƙirga irinka ba."

Ɗanasabe ya sosa ƙeya, ya biya shi kuɗinsa.

A hanyar gida ya tsaya bakin kasuwa ya sayi dabino ƙulli biyu. Ya jefa ɗaya a aljihun mota, ɗayan ya shiga da shi ya ajiye gaban Rahina tana tankaɗe.

"Na mai ciki ne?" ta tambaya.

"A'a," ya ce yana cire hula. "Na mota ne. Ki daina jira sai na tafi masallaci."