Shafin da Baba bai juya ba

Tun da Yaya ta dawo daga wata bita kan "karatu cikin natsuwa", natsuwa ta bar gidanmu. Ta ɗauke na'urar karatun da na saya wa Baba, ta tura a durowa, wai allo yana wargaza tunani. A zauna, a ja numfashi, a shinshina takarda, a tauna kowace jimla. Ni da ke cinye littafi a tsaye cikin bas da ɗan yatsa ɗaya, na ce mata in numfashi ne, ai tun haihuwa muke yi.

"Gaggawa ce ta yi miki yawa, Auta," in ji ta. "Dubi Baba mana."

Na dube shi. Yana kujerarsa ta bakin taga, littafin da ta ba shi buɗe a cinya. Raina ya ɓaci, don ni na raka shi wurin likitan ido, ni ya roƙa kada in gaya wa kowa ƙananan haruffa sun gagare shi. Karatu kaɗai ya rage masa tun da ya bar aiki.

Na kasa zama. Na gyara labule, na dawo, na sake miƙewa na ɗauki kofin da ba wanda ya aike ni in ɗauka.

"Kin gani?" Yaya ta raɗa mini, har da murmushi. "Tun ɗazu shafi ɗaya yake kai. Wannan shi ne karatu."

Baba ya ji. Ya lashi yatsa kamar zai juya shafin, sai ya fasa.

Haba! Na fizgo durowar, na danƙa masa na'urarsa. Ban tona masa asiri ba, alkawari na nan. Ya kunna, ya yi ta danna alamar ƙara girman rubutu, har 'yan kalmomi suka cika allon kamar rubutun jikin shago.

Yaya ta leƙa ta kafaɗarsa. Murmushin ya tafi.

"Baba... tun yaushe?"

Bai ɗago ba. Yatsansa na ta gudu, shafi na korar shafi.

"Ki bari in kai ƙarshen babin nan tukuna, 'yata," ya ce. "Tun ranar da kika dawo na bar mutumin cikin labarin nan a bakin ƙofa."