Giɓin Auta

Tun da aurensu ya mutu, Maman Auta ba ta sake zama ɗaki ɗaya da tsohon mijinta ba sai ranar nan a wajen likitar haƙori. Shi ya goya 'yarsu a babur, ya kife da ita a kwana, haƙorinta na gaba ya yi tsalle ya faɗa kwata.

Likita ta haska hoton bakin a allo. Ta ce ba za a dasa na ƙarfe ba, muƙamuƙin yarinyar bai gama girma ba. Amma akwai wani haƙori a gefe da 'yan'uwansa suka matse. Za ta zare shi da saiwarsa, ta dasa a giɓin, in ya kama a gyara masa fuska.

"Kada a taɓa na yarinya," in ji uban. "A cire nawa a sa mata."

Maman Auta ta yi tsaki. "Wanne? Wanda taba ta dafa? Ka zubar mata da nata, kuma ka cusa mata ruɓaɓɓe?"

"Da kin kai ta makaranta da kanki, da ba ta hau babur ɗina ba."

"Da kai mutum ne, da ka san ba buhu ka ɗauko ba."

Likita ta ce jikin yarinyar nata kawai zai karɓa, kuma in faɗa za su yi, ga ƙofa can. Suka fita suna ci gaba da cacar baki. A kan bencin waje Maman Auta ta matsa can ƙarshe, tana jin ƙarar injin, tana murɗa bakin gyalenta. Ya miƙo mata ruwa, ta kawar da kai.

Da aka gama, Auta ta fito da siririyar waya ɗaure a haƙoran, leɓe a kumbure. Uban ya kama hannun dama, uwar ta fizgo na hagu.

"Ku sake ni," Auta ta ce ta cikin audugar da ke bakinta. "Har ciki ina jin ku."

Haƙorin ya kama, ya yi fes. Amma duk komawar da aka yi wajen likita, gwaggonta Auta ta zaɓa ta raka ta. Maman Auta ta ce ai uban ne ya zuga ta, kuma har yau haka take faɗa wa kowa.