Izga ta Goma Sha Uku

"Rubuta Riruwai," in ji Baffa Wada. "Shekarar da ruwa ya cika ramin kuza. Mai gogen gurgu ne, Bature sunansa. Kin rubuta?"

"Ina zuwa, Baffa. Hannuna ba ya sauri."

Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Tudun Wada, shi ya sa har yau nake bin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Baffa bai damu ba. Cewa ya yi masu saurin hannu ba sa sauraro.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tun da ciwo ya kwantar da shi a farkon damina, kullum bayan la'asar nake shiga da littafina. Yana da wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin matashi. A ciki akwai izga, gashin wutsiyar dokin nan da ake ɗaura wa goge, ƙulli goma sha uku, kowanne an naɗe shi da zare. A zamanin da yake haƙar kuza ba ya bari wasan goge ya wuce shi. In kiɗa ya yi zafi har izga ta tsinke ta faɗi ƙasa, sai ya sunkuya ya tsince. Ba shi da hoto, ba shi da kaset. Da ya murza ƙulli a tsakanin yatsu sai ya faɗi garin, da mai gogen, da inda shi kansa ya tsaya.

"Shara ce kawai," in ji Goggo Zubaida, matarsa, tana gyaran zogale a bakin ƙofa. "Mutane na neman carbi a irin wannan lokaci, shi yana lissafin gashin doki."

"Carbin yana hannun dama, Hajiya. Wannan na hagu ne."

"Allah ya shirye ka, Malam."

"Amin. Ke ma ya haɗa da ke."

A kwana tara muka rubuta goma sha biyu. Doguwa, ranar kasuwa. Kiru, bikin wani mai awon hatsi, inda aka yi kiɗa har tsoffi suka ajiye sanduna. Wani lokacin yakan yi shiru a tsakiyar magana, babban yatsan ƙafarsa yana motsi a ƙarƙashin mayafi. Ni kuwa sai in ajiye biro in jira shi ya dawo.

Na goma sha uku ne ya gagara. Ƙaramin ƙulli ne, zarensa kore, alhali sauran duk da baƙin zare aka ɗaure su.

"Wannan fa, Baffa?"

Ya juya shi, ya kai hanci, ya sake juyawa. "Mubaraka, bari in faɗa miki gaskiya. Shekara arba'in ke nan ban san inda na samo shi ba. Kowanne ina tuna sunkuyawar da na yi. Wannan babu. Na yi ta cewa wata rana zai faɗo mini."

Daga ranar ya daina cin abin kirki. In na shigo, kafin in gama gaisuwa zai ce, "Ko Bebeji ce? A'a, a Bebeji kalangu aka yi." Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce mutumin da ya ji kiɗan da ya kai shi tsintar izga, sannan ya manta, ai ya ci amanar mai gogen. Ba ya so ya tafi a haka. Goggo ta daina tsokanarsa. In ya fara sai ta ɗauki kwano ta nufi madafa.

Ran Laraba da hantsi Goggo ta leƙo ta kan katanga. "Zo da littafin naki."

Na same shi numfashi sama-sama, ƙullin na cikin tafin hannunsa. Goggo ta zauna a bakin gadon, wurin da ban taɓa ganin ta zauna a gaban baƙo ba.

"Malam, kana ji na? Bar wahalar da kanka. Ba kai ka tsince shi ba."

Ya buɗe ido.

"Falgore ne, bikin 'yar Ardo. Na kai tallan dakuwa. Kai ne mai farar riga da ya yi ta rawa har takalminsa ya tsinke, ya cire ɗayan ma ya jefar. Izga ta faɗi kusa da farantina, kana can kana juyi ba ka gani ba. Na ga kana dube-duben ƙasa bayan an tashi. Na ɓoye a bakin zani. Da aka kawo ni gidan nan na ga gwangwanin, sai na jefa a ciki."

"Ke?" Muryarsa kamar ta mai raɗa. "Ke da kike cewa shara?"

"To, da me zan ce? In ce na bi ɗan rawa da ido?"

Ya yi dariya marar sauti har tari ya sarƙe shi. Da ta ba shi ruwa ya lafa, sai ya ce, "Ranar ruwan sama ya sauko a ƙarshen wasan."

"Ya sauko. Mai gogen ya cusa gogensa cikin riga."

"Wane kiɗa yake yi lokacin?"

Goggo ta dube ni. Na sunkuyar da kai kan littafi. Can ƙasa-ƙasa, bakinta a rufe, ta fara bin kiɗan da maƙogwaro. Yatsan ƙafarsa ya motsa a ƙarƙashin mayafi.

Kafin azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Bayan la'asar aka kai shi.

Ranar sadakar uku, da mata suka ragu, na matsa kusa da ita a kan tabarma na buɗe littafin. Na riga na rubuta lamba goma sha uku, layin gabanta babu komai.

"Goggo, in rubuta Falgore?"

"Mai tambaya ya ji amsarsa. Bar shi haka."

Ta miƙo mini gwangwanin ta ce in haɗa da littafin in adana. A gida na buɗe na zuba a cinya: ƙulli goma sha biyu, duk masu baƙin zare.

Washegari na leƙa ta kan katanga zan gaishe ta. Tana zaune a bakin ƙofa cikin zanen takaba, carbi a hannun dama. Hannun hagun yana kan gwiwarta, yana murza wani ɗan ƙulli a bakin zani.