Dakusassun Takalman Taras

Ni Orest Boyko, manomin alkama ne a Dunvale, nan Saskatchewan. Karatuna bai wuce rubuta suna da karanta abin da ke jikin buhun iri ba, don haka wanda ya ga gargada a rubutun nan ya yi haƙuri. Akwai godiyar da bakina ya kasa furtawa, shi ya sa na ce bari hannu ya yi.

Jikana Taras shekararsa goma sha shida. Ubansa yana aikin mai a can yamma, uwarsa tana aiki a asibitin birni, saboda haka a hannuna da na kakarsa Lesya ya tashi. Kafin ya iya tafiya sosai ya iya sulu a kan kududdufin bayan rumbunmu, wanda sanyi ke daskararwa ya zama ƙanƙara. Amma kada in yi muku ƙarya, a ƙungiyar hokin ƙanƙara ta matasan gari ba shi ne tauraro ba. Shi ne wanda ake turawa ya tsaya gaban ragar abokan karawa, ya sha gwiwar hannu da sanda, ya tare wa mai tsaron raga gani. Abin da mutane ba su sani ba, ƙofar rumbuna ta sani. Duk bazara, in an tashi daga gona, yana nan yana dukan faifai a jikinta, ɗan faifan robar nan da ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo, har na gaji da canza katako na bar masa ita. Ban taɓa yabonsa ba. Mu ba a haka aka rene mu ba.

Ran wata Lahadi da rana muka kara da Korbin, garin da ke maƙwabtaka da mu, wanda tun zamanin iyayenmu ba ma ga maciji da su a kan ƙanƙara. Mai tsaron ragarsu wani dogon yaro ne, Torben, wanda duk yankin an san ba a cin sa da arha. Saboda shi ma wani mutum ya taso daga babbar ƙungiyar birni ya zauna cikin 'yan kallo.

Ranar Taras ya ci huɗu. Na farko ta saman kafaɗar Torben, na biyu ta tsakanin ƙafafunsa. Na uku ya kalli kusurwar dama kamar can zai aika, ya aika hagu. Huluna suka yi ta sauka kan ƙanƙara kamar yadda ake yi wa wanda ya ci uku, har da tawa, ni da ban taɓa cire hula don ɗan kowa ba. Na huɗu kuwa abin dariya ne: ya buga faifan ya kauce wa raga nesa, ya daki ɗuwawun wani ɗan bayan Korbin, ya mirgino ya shige. Kafin mu bar wurin, mutumin birni ya tare Taras ya ce ya zo gwaji ƙarshen wata. In ya yi abin kirki za su riƙe shi, su sa shi makaranta can. Yaron da ya tashi a gari irin namu, irin wannan ƙofa sau ɗaya take buɗe masa, wani ma har ya tsufa ba ta buɗe ba.

Washegari muna shan kofi a kantin filin wasa, mu tsofaffi, sai ga Arvid Halvorson, kakan Torben. Tun muna samari nake fama da mutumin nan. Haƙorina na gaba da babu, sandarsa ce ta cire shi, kuma har yau cewa yake ni na kai bakina. Ya ja kujera ya ce ya zo taya mu murnar tsuntsu daga sama gasasshe. Na ce wanda aka kayar ba ya rasa zance. Ya ce sa'a ta fi sammako, ko makaho in ya yi ta jifa wata rana zai sami tsuntsu, kuma in ana rabon lada a fara ba wa ɗuwawun yaronsu, don shi ya ci mana na huɗu. Aka yi dariya, ni ma na yi. Tsiyar tsofaffi ce, ba ta wuce bakin kofi. Ashe Taras yana bayan ƙofa yana ɗaure jakarsa, ya ji komai.

Kowa a nan yana da camfinsa, kuma ba a yi wa kowa dariya. Akwai wanda ba ya wanke safa muddin ana cin wasa, sai uwarsa ta rataye masa jaka a waje. Akwai mai tsaron ragar da ke yi wa ƙarafan raga magana kamar 'yan uwansa. Ni kaina a zamanina ƙafar hagu nake fara ɗaurewa. Duk wannan ba ya cutar da kowa sai hanci. Amma na Taras daban ne. Daga ranar ya hana a kai takalmansa na sulu wajen washi. Wai yadda wuƙaƙen ƙasansu suke ran Lahadin nan, haka za su zauna har ya je gwaji, kada dutse ya kankare abin da ke jikinsu.

To, safa in ta yi wari ba ta kayar da mutum. Wuƙar takalmi kuwa kullum ƙanƙara cin ta take. Ba a jima ba na ga yaron yana buɗe ƙafa in zai yi kwana, kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Kocinsu ya yi magana, bai ji ba. Na kira shi rumbu na ce ba a fafe gora ranar tafiya, ya miƙo takalman. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kaka, shekara nawa ina wasa ban taɓa cin biyu a rana ɗaya ba? In ba sa'a ba ce, ina abin yake duk shekarun nan? Ita kaɗai gare ni da zan kai birni."

Na yi faɗa, na kawo karin magana har suka ƙare mini, yaro yana tsaye kamar turke. Da na shiga gida na ce wa Lesya zan ɗauke takalman in ya tafi makaranta, in kai a gyara, in mayar inda suke. Tana murza ƙullin ferogi, abincinmu na fulawa da ake cusa wa dankali, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ƙafarsa za ta gaya masa tun takun farko. In ya je ya faɗi, ni na kashe masa sa'a, in kuma ya ci, zai ce ragowarta ce. Ko ta ina yaron bai sami kansa ba. Ta ce in ajiye hannuna. Shekara hamsin ke nan ban ci gardama da matar nan ba, na ajiye.

Ana saura 'yan kwanaki gwaji, Arvid ya shigo filinmu da takalman jikansa, don injin washin Korbin ya lalace. Ya tsaya jikin katanga yana kallon atisaye, daidai lokacin da Taras ya zo yin kwana ƙafafu suka tafi suka bar shi, ya daki katako da kafaɗa. Arvid ya ce me ya sami gwanin namu, ko an fara shan giya ne. Ban so faɗa masa ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya masa duka, har da inda yaron ya tsinci maganar. Na zaci zai yi dariya. Sai ya tsaya yana murza hularsa, ya karɓi takalman jikansa ya fita ko sallama babu.

Da safe, ranar Asabar, muna karyawa, muka ji mota a tsakar gida. Arvid ne da Torben, yaron sanye da kayan tsaron raga tun daga gida, ya cika kujerar gaba kamar buhun ulu. Arvid ya ƙwanƙwasa taga ya ce a fito masa da mai sa'a, jikansa ya zo ramuwa. Muka gangara kududdufi, inda muka kafa raga, Lesya ta biyo mu da butar kofi. Taras ya zauna zai ɗaura takalmansa, sai Arvid ya sa hannu ya ɗauke su, ya rataye a kan dangar waya.

"A'a, ɗan samari. Da waɗannan ai cuta ce, an ce akwai asiri a jikinsu. Da takalman gona za ka buga. Ga sa'arka can a rataye, tana kallo."

Taras ya dube ni. Na ce baƙo ya zo har gida, a yi masa yadda yake so.

Aka zube masa faya-fayai a gabansa, ya tsaya da manyan takalman robar da yake shiga garke da su. Na farko Torben ya cafke. Na biyu ya ture da ƙafa, ya ce ko kakarsa ta fi haka ƙarfin hannu. Na ga kunnen Taras ya yi ja. Na uku sai ƙarar raga muka ji, ta saman kafaɗa. Torben ya daki ƙarfe da sanda ya ce a sake. Aka sake. Wasu ya tare, don yaron gwani ne na gaske kuma ba da wasa ya zo ba, na ga gumi yana fita ta cikin hular ƙarfensa a wannan sanyi. Amma wasu suka wuce shi, kuma ba ta hanya ɗaya ba. Da faya-fayan suka ƙare, Torben ya ɗaga abin rufe fuskarsa yana haki.

"Kai wallahi mugu ne," in ji shi. "Kowa in zai buga, sandarsa tana gaya mini inda za shi. Taka ba ta faɗin komai sai abin ya wuce. Tun ran Lahadin nan nake kallon hoton wasan, har yanzu ban gano ka ba. Da can ba ka bugawa ne, sai ka miƙa wa wani. Da ma ka ci gaba da hakan, da na huta."

Arvid ya kurɓi kofi ya ce wa Taras ya saurara, don ba zai maimaita ba, kuma in aka ce ya faɗa zai musa. Ya ce na huɗun nan sa'a ce tsagwaronta, ya gode wa Allah a kanta ya wuce. Sauran ukun kuwa a tambayi ƙofar rumbun can da ta zama rariya. Ya ce sa'ar da ya yi ta gaske ita ce mutumin birni ya zo ranar da hannunsa ya buɗe, kuma wannan ta riga ta yi aikinta ta tafi, ba ta maƙale a ƙarfen takalmi ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma tsohon banza, ka iya karin magana ɗari, ka kasa cewa yaro ya iya."

Na ce yabon gwani ya zama dole, amma ba a gaban mutanen Korbin ba.

Taras ya ajiye sandarsa. Ya je ya sauke takalman daga danga, ya shafa babban yatsa a kan wuƙar, ya ga ko farce ba ta kankara. Ya tambayi Arvid ko in za su koma za su bi ta filin wasa. Su suka kai shi wajen mai washi, yana zaune a bayan mota tsakanin jakunkuna.

Ni na kai shi birni. Yara sun fi tururuwa, wasu sun fi shi tsawo da kai guda. Ranar farko bai ci ko ɗaya ba, faifansa sau biyu yana dukan ƙarfen raga yana dawowa. Amma bai faɗi ba, kwanansa kamar an ja da zare, kuma bai daina bugawa ba. Rana ta biyu ya ci ɗaya. Da yamma suka kira sunayen waɗanda za su zauna, nasa yana can kusa da ƙarshe. Mutumin da ya gayyace shi ya ce mini kada in sa rai da yawa, zai fara daga benci ne. Na ce da babu gara ba daɗi, kuma wanda ya sami wurin zama shi ke maganar miƙe ƙafa.

Torben ba su kira shi ba bana. Wannan ya tsaya mini a rai, don saboda shi aka zo, kuma duk da haka ya sa kayansa ya zo gidanmu ya tsaya a ci shi a gaban kakansa. Ba kowane babba ne zai iya ba, balle yaro. Allah ya buɗe masa tasa ƙofar, ya sa ta fi ta Taras faɗi.

Arvid kuwa, da aka yi dusar ƙanƙara mai yawa a makon da ya biyo, na tada tarakta na je har Korbin na share masa hanya daga titi zuwa ƙofar gida. Lesya ta ba ni tukunyar ferogi da soyayyar albasa in kai. Ya fito da rigar barci da kofi a hannu, ya bi hanyar da kallo, ya ce na bar tudu a wajen akwatin wasiƙa, kuma ko share hanya mutanen Dunvale ba su iya ba. Na koma na kwashe tudun. Ya karɓi tukunyar ya ce in shigo kafin ta huce.