Ranar Da Yunana Ya Yi Shiru

Duk Kurfi an san muryar Yunana malamin gona. Da safe faɗa da babur, da rana faɗa da manoman Birchi a kan takin zamani, da yamma kuma abin da ya rage sai ya juye wa matarsa Lai'atu. Ba mugu ba ne, wallahi, zuciya ce a kusa, ga ciwon kai da ba ya sauka. Lai'atu ta yi haƙuri har ta gaji. Wata safiya ta ce masa, "Baban Dina, ka ƙara daka mini tsawa ko sau ɗaya, zan koma gidanmu Zonkwa." Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata shi.

A lokacin makarantu cike suke da malamai 'yan Indiya. Wani daga cikinsu a Dutsin-Ma ya kira Yunana ya duba masa tumatir, sai ya gan shi yana zagin babur kamar zai ci shi ɗanye. Ba'indiyen ya ja shi inuwa ya ce, "Ka zauna, ka rufe ido, ka bi numfashinka, shigarsa da fitarsa. Tunani zai zo, maganar mutane za ta zo. Kada ka kore su, kada ka amsa. Ka bar su su wuce."

"Shi ke nan? Ba ƙwaya, ba allura?"

"Shi ke nan."

Abin da Ba'indiye bai sani ba shi ne, a ƙasar nan ba a ganin mutum zaune a wuce shi.

Ranar Asabar da hantsi Yunana ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya zauna, ya sunkuyar da kai. Can sai ga maƙwabcinsa Malam Lado.

"Malam Yunana, an tashi lafiya?"

Shiru.

"Ya iyali?"

Daidai nan Yunana ya saki wani dogon numfashi. Gaban Malam Lado ya faɗi. Tabarma a ƙofar gida, kai a ƙasa, gida tsit, kuma Yunana ne yau babu baki? Ya yi salati, ya tuɓe takalma, ya zauna. Kafin a jima Audi tela ya zo da tasa tabarmar, Labaran mai nama ya baro tukuba, wasu ma ba su tambayi wanda ya rasu ba, suka dai sami wuri.

"Ya haƙuri?" in ji wannan. "Allah ya ba da dangana," in ji wancan. Yunana yana jin su, yana cewa a ransa lallai Ba'indiye gwani ne, ga maganganun sun zo kamar yadda ya faɗa. Ya koma kan numfashinsa.

Sai Malam Lado ya karkata wajen Audi ya ce ƙasa-ƙasa, "Baiwar Allah, ta huta."

"Ta huta kam. Kullum tsawa muke ji ta katanga, ban taɓa jin ta rama ba."

"Da matata Talatu ta haihu, ita ta yi ta ɗebo mata ruwa har aka gama wanka."

Nan Yunana ya gane makokin wa ake yi. Da a jiya ne, da tuni ya tashi ya watsa taron. Amma yau bakin a rufe yake, maganar ta shiga ba ta sami mai tare ta ba. Ya ga kansa ya dawo daga Birchi gida babu hayaƙi, babu mai yi masa sannu da zuwa. Kunya da tsoro suka kama shi, hawaye suka zubo. Ganin haka mazan suka ƙara salati.

Ana cikin haka Gwaggo Rekiya, dattijuwar unguwar, ta jagoranci mata suka shiga gidan da kuka. Kai, ba su daɗe ba suka fito a guje, wata ma babu takalmi, Lai'atu na biye da su da muciya a hannu.

"Wai wa ya mutu?" ta tambaya.

Kowa ya juya ga Yunana, Audi har ya ja baya don ya san abin da ke tafe. Yunana ya buɗe ido, ya ja numfashi, ya sake shi a hankali.

"Babu wanda ya mutu," ya ce, da muryar da ba a san yana da ita ba. "Natsuwa nake koya."

"Natsuwa?" Malam Lado ya miƙe a fusace. "A kan tabarma, a ƙofar gida? Haba Malam, ai sai ka yi tari mu san kana lafiya!"

Lai'atu ba ta bi ta kansa ba. Fuskar mijinta take kallo.

"Baban Dina, wannan hawayen fa, na wa ne?"

"Naki ne," ya ce.

Ta goge hanci da gefen zane. "To, tunda har an yi mini makoki a garin nan, babu inda za ni. Ku koma ku zauna, bari in dama kunu."