Rawar Hannun Mai Agogo

Duk layin babu wanda ya san sunansa na yanka. Minti Biyar ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka kai masa agogonka ya tsaya, ya ce, "Ba ni minti biyar." Matarsa ta kira a waya ta ce abinci zai huce, ya ce minti biyar. An ce ranar da aka haifi 'yarsa ta fari ma haka ya ce wa maƙwabcin da ya zo kiransa. Shi dai yana musun wannan, amma musun nasa ba ƙarfi.

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, in ya miƙa hannuwa sai ya taɓa bango da bango. A ciki akwai tebur, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da farin ƙyalle da yake shimfiɗawa don kada ƙananan kusoshi su tsere, da gwangwanayen alawa cike da kayan cikin agogo. Sai fulas ɗin baƙin shayi mai ɗaci, wanda shi ne karin kumallonsa, shi ne abincin ranarsa. Shekara talatin da ɗaya yana nan zaune, daga bakwai na safe har faɗuwar rana, kwana bakwai a mako. Da wani ne ya ɗauke shi aiki ya yi masa haka, da tuni an kai ƙara. To amma shi ne maigida, shi ne ma'aikaci, wa zai kai ƙarar wa?

Wata Litinin wata dattijuwa ta zo, tsohuwar malamar makaranta, da agogo naɗe a hankici. Irin na da ne, wanda ake murɗa wa kai kowace safiya.

"Na mai gidana ne, Allah ya jiƙansa," ta ce. "Jikana ya yar da shi a ƙasa. An ce in dai ba kai ba, babu mai iya tashinsa."

Ya buɗe bayan agogon, ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya leƙa. Matsalar tana wajen wata siririyar waya da ke naɗe a tsakiya, wadda ba ta kai kaurin gashi ba, ita ce ke sa agogo bugawa. Ta harɗe. Aikin da ya fi kowa iyawa ke nan, har yana alfahari da shi. Ya ce wa Malama ta dawo Litinin mai zuwa.

Da ta tafi ya ɗauki matsefata, ɗan ƙarfen nan mai baki biyu na kama ƙananan abubuwa, ya nufi wayar. Sai ya ga bakin matsefatar yana rawa.

Ya ajiye, ya kurɓi shayi, ya sake ɗauka. Rawar ta ƙaru. A cikin gilashin nan da ke mai da ƙwayar gero kamar ƙwallo, ƙarfen yana kaiwa da komowa, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya danne hannun dama da na hagu, nan ma babu sauƙi. Mai gyaran agogo ba shi da wani jari da ya wuce tsayayyen hannu, kuma shi bai iya komai ba a duniya sai wannan.

Kun san me bawan Allahn nan ya yi? Maimakon ya tashi ya tafi gida, sai ya ce rashin gwaji ne. Ya ƙara awa biyu a kan lokacin aikinsa, yana ɗaukar kusoshi ɗaya bayan ɗaya daga wannan gwangwani zuwa wancan, wai yana horar da hannu. Ya ce wa matarsa ta ƙara ganyen shayi don idonsa ya buɗe. Zuwa Laraba kusoshi huɗu sun yi tsalle sun ɓace, ya rarrafa ƙarƙashin tebur yana nemansu har ya buga kai.

Ranar da yamma ya rufe shago da wuri, abin da ya sa mai sayar da tabarau na kusa da shi ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Ya sa agogon Malama a aljihu, ya nufi gidan tsohon da ya koya masa sana'a, wanda yake kira Baba. Niyyarsa ya damƙa masa aikin, ya kuma faɗa masa cewa tasa ta ƙare.

Ya tarar da Baba a kan kujerar roba a ƙofar gida, yana kallon masu wucewa. Bayan gaisuwa ya zayyana masa komai. Ya ce tsufa ne ya zo masa da wuri.

Baba ya ƙare masa kallo. "Shekararka nawa?"

"Hamsin da huɗu."

"Jariri. Me ka ci yau?"

"Na sha shayi."

"Ban tambaye ka me ka sha ba. Jiya fa?"

Minti Biyar ya shiga tunani. Ya tuna akwai wani burodi, amma ba zai iya rantsewa a kan ranar ba.

"Kofi nawa na shayin?"

"Bakwai. Ko takwas."

"Yaushe rabonka da yini guda ba ka sa gilashin nan a ido ba?"

"Baba, ai mutane suna jira."

"Su jira mana. Agogonsu ya tsaya, ba numfashinsu ba." Tsohon ya yi dariya har da tari. "Na koya maka buɗe agogo, na koya maka rufewa, ashe ban koya maka rufe shago ba. Laifina ne. Lokacin da kake wajena, ka taɓa ganin na taɓa wayar nan da rana tsaka? Da safe nake yi, bayan na ci na ƙoshi. Ka taɓa ganin ƙofata a buɗe ranar hutuna? Kai kana cewa lalaci ne, na sani, ina jin ku, kai da sauran yaran shago, kuna gulmata."

"Ni ban ce ba, Baba."

"Kai ne shugaban masu faɗa. Mai da agogon nan aljihu, ba zan karɓa ba. Ka rufe shago kwana huɗu. Ci uku a rana, barci har ka gaji da shi, shayi kofi ɗaya, shi ma mai madara. Kullum ka fita ka taka, ka kalli abin da ke nesa. In Litinin ta zo hannun yana nan yadda yake, ni da kaina zan raka ka asibiti. Amma kada ka binne kanka da rai tun kafin a duba."

Da ya koma gida ya shiga kame-kame, yana neman yadda zai fara. Matarsa tana ninke kayan wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Maganar hannun ce?"

Ya tsaya sororo. "Wa ya faɗa miki?"

"Cokali. Sati uku ke nan yana kaɗa wa kofi ganga in kana juya shayi. Ina jira ne in ga ranar da za ka tuna kana da mata." Ta miƙo hannu. "Kawo makullin shagon, Malam."

Ya ba ta. Ta ɗaure shi a gefen zanenta, ta yi ƙulli biyu.

To, hutu ma ashe sai an koya. Ranar Alhamis ya tashi tun da asuba ya sa riga, ya rasa inda zai je, ya dinga zagaye falo. Ya hango agogon bango yana latti da minti biyu, ya jawo kujera zai hau. "Sauko," in ji matarsa daga kicin, ba tare da ta leƙo ba. Ya sauko. Ta ajiye masa faranti shaƙe da shinkafa da miya, ta zauna a gabansa har ya cinye. Kansa ya yi ciwo don rashin shayi, ya kwanta wai zai ɗan miƙe baya na minti biyar. Bai farka ba sai la'asar, da shatin matashi a kumatu, yana tambaya ko wace rana ce.

Ranar Juma'a suka fita taka ƙafa su biyu. Nan ya gano an yi wa titinsu fitilu, an buɗe kantin magani a kwana, kuma bishiyar da ya sani 'yar ƙarama ta wuce rufin gidaje.

"Yaushe aka yi duk wannan?"

"Kana cikin minti biyar ɗinka," ta ce.

Ya tsaya a bakin gada yana kallon tsuntsaye can nesa a kan wayar lantarki. Idonsa ya yi ta ruwa, don ya manta yadda ake kallon abin da ya wuce tsawon hannu. Ya yi ƙoƙarin ƙirga su, suka tashi, ya ƙyale su.

Asabar 'yarsu ta zo da mijinta, aka fito da ludo. Ashe Minti Biyar mugun ɗan wasa ne, kuma ba ya son a ci shi. Matarsa ta kore masa ɗa sau uku a jere, ya rantse akwai maguɗi, ya nemi a kawo shaidu. 'Yar ta yi dariya har ta kwanta a kan tabarma tana cewa, "Baba, ashe haka kake?" Shi ma ya ji dariya ta kufce masa, irin wadda ke fitowa daga ciki, wadda ya daɗe bai ji ta a bakinsa ba. Sai da aka tashi ya lura cewa yini guda bai duba hannunsa ba ko sau ɗaya.

Lahadi tsoro ya dawo. Ya ci abinci, ya yi barcin rana, ya taya matarsa gyaran wake, amma zuciyarsa tana shago.

Litinin da safe ta kwance makullin, ta ce tare za su je. Ta zauna a kan benci a bakin ƙofa, don shagon ba ya ɗaukar mutum biyu. Ya shimfiɗa farin ƙyallen, ya kunna fitila, ya buɗe agogon Malama. Ya daɗe yana kallon matsefatar kafin ya ɗauka.

Bakin ƙarfen ya ɗan motsa sau ɗaya. Ya ja numfashi, ya sauke kafaɗa, ya jira. Sai bakin ƙarfen ya tsaya cak.

Ya shiga tsakanin naɗin wayar a hankali, ya ɗaga inda ta hau kan 'yar uwarta, ya mai da ita mazauninta. Ya gyara lanƙwasar da faɗuwar ta yi mata, kaɗan-kaɗan, ba gaggawa. Ya murɗa kan agogon sau uku. 'Yar ƙafar nan mai kama da taya da ke tsakiyar agogon ta yi lilo, ta koma, ta kama bugawa.

Gilashin idon ne ya yi hazo, ya cire shi yana gogewa da gefen riga.

"Ya tashi?" matarsa ta tambaya.

Ya miƙo mata agogon ta kara a kunne. Ta saurara, ta yi murmushi, ta ce, "Alhamdu lillahi. To ba sai ka yi kuka a kai ba, kada ya yi tsatsa."

Malama ta zo wajen sha ɗaya. Ita ma ta kara shi a kunne, ta daɗe a tsaye idonta a rufe, sannan ta yi ta sa masa albarka har mai tabarau ya leƙo ya ce amin.

Da azahar Minti Biyar ya rufe shago da hannunsa, ya nufi gidan Baba, yana tafe kamar wanda aka yi wa bushara. Tun daga nesa ya ɗaga hannun dama sama yana nuna masa.

"Ya tsaya, Baba. Wallahi ya tsaya."

"Na sani. Matso nan."

Tsohon ya janye hannun rigarsa, ya miƙo wuyan hannunsa. Akwai agogo a ɗaure, allurarsa a tsaye a kan tara da kwata. Hannun da ke ɗauke da shi kuwa yana karkarwa, karkarwar da babu barci ko abincin da zai tsayar da ita.

"Wannan ita ce ta tsufa, ka gan ta da kyau don ka san bambanci," Baba ya ce, yana murmushi. "Irin taka ta same ni ina da arba'in da biyar. Na koyi hutawa, hannun ya ƙara mini shekara talatin da uku. Wannan ta zo bara, kuma ba ni da ƙorafi. Wata biyu ke nan agogona ya tsaya, na kasa buɗe bayansa. Ban yarda kowa ya taɓa shi ba sai kai."

Minti Biyar ya durƙusa, ya riƙe hannun tsohon da hannuwansa biyu. Ya fara laluben aljihu yana neman gilashinsa.

"A'a," in ji Baba. "Yau ka yi babban aiki guda, ya isa. Gobe da safe, bayan ka karya. Yanzu jawo kujera, an kusa sauke tukunya."